Motar da Ba Ta Kuka a Gabana

Yaran yanzu suna ba ni dariya. Wani zai shigo garejina a unguwar Aras ta Abijan riƙe da ɗan akwatin nan nasu mai waya, ya jona wa mota, ya tsaya yana kallon gilashinsa, sannan ya ɗago ya ce min ai sana'ar nan ta zama sauƙi. Ni ba na musu da su. Akwatin yana da amfani, na gani da idona. Amma ba shi da kunne, kuma bai iya tambaya ba. Ranar da aka kawo maka motar da ke kuka a hanya, ta zo gabanka ta yi tsit, ranar za ka san ko kai bakanike ne ko mai canza kaya ne kawai.

A nan Tireshbil, shiyyar da Aras take ciki, aka haife ni. Mahaifina mutumin Damagaram ne, fataucin goro ya kawo shi Abijan ya zauna. Na yi makarantar boko har aji shida, boko ya ƙi ni, ni ma ban roƙe shi ba. Sai aka kai ni wurin wani mutumin Togo da ake kira Metir Kwami, wato Maigida Kwami, a nan Aras, bayan dogayen gidajen nan. Shekara biyu na yi ban ɗaure ko noti ɗaya ba, sai wankin kaya da kananzir. Abin da ya fi so shi ne ya tayar da inji, ya juya ni in ba motar baya, ya ce in faɗa masa me ke kuka. In na yi kuskure, rankwashi. Kaina ya sha wuya, amma kunnena ya buɗe.

Daga wurinsa na gaji kayan aiki uku da ba a sayar da su a kanti da sunan kayan aiki. Akwai dogon sukundireba da nake ɗora bakinsa a jikin ƙarfe in kara ƙotar a kunne, sai in ji abin da ke faruwa a ciki. Akwai guntun tiyo na ban ruwa, wanda nake bi da shi lungu-lungu ina farautar ƙara. Sai ɓallin madubi ɗaure a waya, na leƙa inda kai ba ya shiga. Wani yaro ya taɓa tambayata wace ƙasa ke ƙera su. Na ce masa bola.

Kowace ƙara da halinta. Fambel, wanda mu a nan muke ce wa kuruwa, fito yake yi da safe kafin inji ya ɗumama. Boris in ya gaji gurnani yake, kana taka totur yana ƙaruwa. Salansa da ta kwance ba ta da kunya, ko mai tallan ayaba ya san ita ce. Waɗannan duk abincin yara ne. Mai wuyar ita ce wadda ke zuwa ta tafi. Ita ba a kama ta da hannu sai da baki: yaushe take zuwa, da sanyi ko da zafi, a tsaye ko a tafe, a gangara ko a hawa, sannan wa ke cikin motar. Wannan tambaya ta ƙarshe ba Metir ne ya koya min ita ba. Wata mota ce ta koya min, kuma wani ne ya biya kuɗin karatun, ba ni ba.

A shekarun da ƙasar nan ta rabu biyu ne, hanyar arewa ta toshe. Ban taɓa ganin lokaci irinsa a sana'a ba. Kayan gyara suka yi wuya, masu motocin kirki suka ɓoye su, domin babbar mota ita ake fara tsayarwa a shingen masu bindiga, wani lokaci a sauke mai ita a wuce da ita. Har ta kai na fi samun aikin kashe mota a kan tayar da ita. A kira ni gida, in cire wani ɗan abu don kada ta tashi, a zare tayoyi biyu a ɗora ta a kan bulo. Mai suna irin nawa kuwa na 'yan arewa, Audu ɗan wane, in ya doshi shinge sai ya shirya takardunsa da haƙurinsa tun daga nesa.

A cikin wannan hali aka kawo min motar Alhaji Ɗanlami. Bakano ne, yana shigo da kaya ta tashar jirgin ruwa, shagonsa yana unguwar Ajame kusa da mahaɗar Roksi, gidansa kuma a Tireshbil. Shi bai ɓoye tasa ba, ya ce kasuwa ba ta jira. Motar irin dogayen nan ce masu jan ƙafa huɗu da muke kira kat-kat, mai shan gas, ta gama rayuwarta a Turai kafin ta zo ta fara wata a wurinmu. Direbansa Baba Sale ne, dattijo mutumin Maraɗi, siriri, ba ya magana sai an tambaye shi. Shekara goma sha ɗaya yana tuƙa Alhaji. Ban taɓa ganin motar da ƙura a jikinta ba, har cikin injin yake bi da tsumma.

Baba Sale ya ce akwai wata ƙara a gaba, wani lokaci ta zo, wani lokaci a yi kwana biyu ba a ji ta ba. Na buɗe kapo, wato murfin gaba, na tayar. Injin yana tafiya sumul. Na bi shi da sukundireba, na bi da tiyo, na taka totur, na murɗa sitiyari, na kunna fitilu, na kunna kilim mai sanyaya cikin mota na ɗan lokaci. Babu komai. Kuruwa ta ɗan tsufa, sai na canza ta na ce an gama. Na faɗa da ƙarfin gwiwa kuwa, don a lokacin ina ji da kaina, duk Aras an san kunnena.

Bayan kwana huɗu suka dawo. Na canza ɗan gargaren da ke ɗame kuruwar. Bayan mako suka sake dawowa, wannan karon har da Alhaji. Tun daga bakin layi gilasai a sauke, yana ɗaga wa mutane hannu yana amsa gaisuwa. Ya fito ya tsaya a gaban motar da babbar rigarsa yana kwaikwayon ƙarar da bakinsa, kar-kar-kar, har maƙwabcina mai walda ya ajiye aikinsa ya zo kallo, masu shan shayi a bakin garejin ma suka matso. Motar kuwa ta yi lamo kamar ba ita ba.

Na ji kunya. Sau biyu na ce an gama, ga mutane sun taru, ni kuma ba ni da abin faɗa. Bakanike in ya rasa abin faɗa, ya kamata ya yi shiru. Ni ban yi ba. Idona ya faɗa kan dinamo, abin da ke cajin batir, na ga launinsa ya bambanta da sauran kayan injin. Sai na ƙwanƙwasa shi da sifana na ce, don dai a san na ga wani abu, “Wannan ma ai ba na asalin motar ba ne, an taɓa canza shi.”

Alhaji ya ce shi bai taɓa sa a canza dinamo ba. Ya juya ya dubi Baba Sale.

A lokacin kowa ya san labarin direbobin da ke kwance kayan asali su kai kas, kasuwar kayan matattun motoci, su maye da na banza. Alhaji ya sha jin irinsa a majalisa, ga zaman ɗar-ɗar ya sa kowa yana zargin kowa. Ya ce, da muryar da duk layin ya ji, “Sale, shekara goma sha ɗaya ina ba ka makulli. Ashe kwance min mota kake kana sayarwa? Shi ya sa take kuka. Ɓarawo nake ɗauka a gaba ban sani ba.”

Baba Sale ya sunkuyar da kai, ya naɗe tsumman da ke hannunsa ya sa a aljihu. Na yi ƙoƙarin gyara magana, na ce ba haka nake nufi ba, amma Alhaji ya riga ya hau. Ya ce a bar motar a wurina zuwa Juma'a, ranar zai zo ya karɓi abinsa, Sale kuma ya fara haɗa kayansa. Ya tari tasi ya tafi. Mutane suka watse suna waiwayen dattijon, ya rage daga ni sai shi.

Da la'asar na zura madubina bayan dinamon. Ga wata 'yar takarda manne a jiki, ta wani gareji na can Turai, da rubutun yaren da ban iya ba, amma shekarar da ke jiki ta girmi zuwan motar Abijan. Notocin kuma sun ci tsatsar nan ta gishirin da suke zubawa a hanyoyinsu, babu sifanar da ta taɓa su a ƙasar nan. Aikin minti biyu ne. Da na yi shi kafin in buɗe baki, da ba a kai nan ba. Amma na san Alhaji. In na je masa da takarda alhali motar tana kuka, cewa zai yi na haɗa baki da direba, tunda ga shi har yanzu ba a ga abin da aka lalata ba. Dole sai na kamo ƙarar na ajiye masa a gabansa.

Na ce wa Baba Sale ya zo da safe ya tuƙa ni duk inda yake kai Alhaji. Ya zo, rigarsa a goge. Ranar Talata muka haye gada, muka ratsa unguwar Filato, muka shiga Ajame, muka dawo. Muka bi hanyar tashar jirgi mai ramuka. Na sa shi ya yi gudu, ya taka burki, ya hau tudu da babbar giya. Laraba ma haka, har na sa aka loda buhunan siminti a baya ko nauyi take so. Shinge huɗu muka wuce a ranar, kowanne sai an sauke mu. Motar ko tari ba ta yi ba. Shi kuma bai yi min ƙorafi ko sau ɗaya ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Ranar Alhamis wajen azahar muna kan gada, rana ta take, rigata ta jiƙe sharkaf. Ba don bincike ba, don wahala kawai, na ce, “Baba, zafin nan zai kashe mu. Ba ka kunna kilim ne?”

Ya dube ni kamar na ce ya sa hular Alhaji. Ya ce, “Kilim na Alhaji ne.”

Na ce ya maimaita. Ya ce shi tunda yake bai taɓa kunna wa kansa ba. Man mota na maigida ne, sanyin ma na maigida ne, in shi kaɗai ne iskar Allah ta ishe shi. Na tambaye shi ranar da suka zo tare da Alhaji fa? Ya ce ai Alhaji ba ya gaisa da mutane ta bayan gilashi, yana ganin wulaƙanci ne. Da sun shigo unguwa yake sa a sauke gilasai, shi kuma sai ya kashe kilim don kada sanyi ya tafi a banza.

Ka ji fa. Duk zuwan da motar ta yi garejina, ladabin mutum biyu ne ke rufe mata baki tun daga bakin layi. Ni kuma da na gwada kilim, a inuwa na gwada, da safe, na minti ɗaya. A irin waɗannan motoci akwai wata ƙaramar fanka ta lantarki a gaban lagireto, bayan ragar gaba, wadda ba ta tashi sai kilim ya daɗe yana aiki, zafi ya yi yawa, mota kuma tana tsaye ba iska. Na san da ita sarai. Ban dai taɓa tambayar wa ke cikin motar in tana kuka ba.

Na ce ya ɗaga gilasai, ya kunna, ya kai mu Roksi. Duk wanda ya san Roksi da rana ya san ba a wuce ta da sauri. Motocin haya sun cushe, masu tebur sun ci rabin titi, 'yan turin kaya suna kutsawa. Muka tsaya cik. Minti biyar, minti goma. Sai ga ta: kar-kar-kar, daidai yadda Alhaji ya kwaikwaya. Ta ɗauke, ta dawo. Na dira na buɗe kapo a tsakiyar titi, direbobi suna ta oda suna zagina da Julanci, yaren 'yan kasuwar nan, da Faransanci. Ban ko waiga ba. Na sa tiyo a kunne. Injin lafiya lau. Ƙarar daga gaba take. Na durƙusa na leƙa ta raga, sai na ga wani baƙin abu yana lilo a zare, fankar tana jawo shi tana bugu, ya kuɓuce, ta sake jawowa.

Muka samu gefe muka kashe. Na zura hannu da wuƙa na yanke zaren. Laya ce, ɗinkin fata, ba ta fi akwatin ashana ba, fanka ta cinye mata kusurwa ɗaya. An ɗaure ta da zare biyu can sama inda ido ba ya kaiwa, ɗaya ya tsinke saboda zafi, sai ta zazzago.

Na miƙa wa Baba Sale. Ya karɓa da hannu biyu, ya daɗe yana kallonta. Ya ce shi ya ɗaura. A farkon rikicin, wata rana an tsayar da su a shinge an sa Alhaji ya durƙusa a kan kwalta da babbar rigarsa, yana kallo ba abin da zai iya. Washegari ya je wurin wani malami ɗan garinsu ya karɓo ta don tsarin maigidansa. Ya ɓoye ne saboda Alhaji ba ya shiri da layu ko kaɗan, ya sha faɗa a gabansa cewa duk wanda ya kawo masa irin wannan gida sai ya bar gidan. Ya ce wallahi ko a mafarki bai kawo ita ce ke kukan ba.

Na ce masa abin ya zo da sauƙi. Zan ce wa Alhaji wata waya ce ta saki, in nuna masa takardar dinamo, shi ke nan, kowa ya huta. Ya girgiza kai.

Ya ce, “A'a, Audu. Ka faɗi abin da ka gani. In don wannan zai kore ni, ya kore ni, na yi. Amma kada a rufe ƙarya da wata ƙaryar a kaina.”

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Alhaji ya zo. Na aika aka kira mai walda da masu shayi, duk wanda ya ji maganar farko na so ya ji ta biyu. Na fara da kaina. Na ce ni na yi kuskure, na yi magana ban duba ba. Na ba Alhaji madubi ya leƙa da idonsa, na nuna masa shekarar da tsatsar notocin. Sannan na fitar da motar rana, na kunna kilim, muka tsaya har fankar ta tashi tana juyawa shiru. Alhaji ya ce to me ke kukan? Baba Sale ya matso ya buɗe tafin hannunsa, ya faɗi abin da ya faɗa min, bai ƙara ba bai rage ba.

Na zaci Alhaji zai yi faɗa. Sai ya dubi layar, ya dubi dattijon. Can ya ce shi dai har gobe bai yarda da laya ba, Allah ne ke tsarewa. Baba Sale ya ce haka ne. Sai Alhaji ya juyo wurin mutane, muryarsa ta sauka, ya ce, “A gabanku na kira bawan Allahn nan ɓarawo. Ku shaida na janye. Ban cire masa komai ba sai mutunci, shi kuwa bai cire min komai ba. Sale, ka yafe ni.” Ya karɓi makulli a hannuna ya miƙa masa.

Baba Sale ya karɓa. Ya ce ya yafe, duniya da lahira. Ya buɗe wa Alhaji ƙofar baya kamar kullum, ya jira ya tattara rigarsa ya zauna. Kafin ya rufe sai ya ce, a hankali, “Zan kai ka gida, Alhaji, tunda ba ka tuƙi. Amma gobe ka nemi wani.”

Alhaji ya aika masa mutane har sau uku, ni ma na je ɗakinsa na roƙe shi. Ya ba ni tabarma, ya dafa min shayi, ya ce ba ya riƙe da kowa, sai dai ba zai iya sake zama a kujerar nan yana jin idon maigida a ƙeyarsa ba. Bayan mako biyu ya bi ta Gana ya koma gida, don hanyar arewa ba ta biyuwa.

To ku masu akwati, ku ji. Gyaran nan bai ci ko noti ɗaya ba, wuƙa ce da zare. Na gano ƙarar, kuma har yau ina cewa ba kowane bakanike a Abijan zai gano ta ba. Amma na gano ta a zuwa na uku, bayan bakina ya riga kunnena. Tun daga ranar, in aka kawo min mota mai ƙarar da ke zuwa ta tafi, ba na buɗe kapo sai na zaunar da mai ita da mai tuƙa ta, kowa daban, na tambaye su yadda suke zama da ita. Abin da ban tabbatar ba kuma ba na faɗinsa a gaban mai mota, ko da za a ce ban iya aiki ba.

Kat-kat ɗin ta ci gaba da zuwa garejina wajen shekara shida, direbobi suna ta canzawa. Ba ta sake wannan kukan ba. Duk zuwan da Alhaji zai yi, in an gama duba mai da burki, sai ya ja ni gefe ya tambaye ni ko na ji labarin Sale. Ban taɓa ji ba.